Idan Kasuwa Ta Rufe Gobe, Kwana Nawa Gidanka Zai Yi?

Maganarmu ta wannan mako daga fim ta taso, amma a gindin randa da bakin rumbu za ta ƙare.

Kuna ganin samari a tasha sun duƙufa kan waya suna kallon finafinan zombi, wato gawarwakin da ake nunawa sun tashi suna bin mutane. Mafi shahara shi ne The Walking Dead na Amurka, wanda aka fara nunawa a 2010. To, babu zombi, tatsuniya ce. Amma ka lura da abin da ke wahalar da mutanen cikin fim ɗin: shago ya rufe, famfo ya ƙafe, hanya ta toshe. Shi ya sa a watan Mayun 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ari wannan tatsuniya don ta ja hankalin jama'arta su tanadi ruwa da abinci saboda bala'i na gaske.

Mu kuwa ba sai an ba mu tatsuniya ba. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, sai Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, manyan motoci suka yi jerin gwano da kaya. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri cikin dare. Duk ba a yi wa kowa sallama ba. To kai, malam, idan gobe ce, kwana nawa gidanka zai yi?

Fara da ruwa, don mutum yana jure yunwa makonni, amma ƙishirwa kwanaki kaɗan ne. Ma'aunin masu aikin agaji lita 15 ne ga kowane mutum a rana, sha da girki da tsabta. Gida mai mutum 8 ke nan lita 120, kusan jarka 5 masu lita 25. In abin ya matse, a ƙalla a ware lita 4 ga kowa saboda sha, wato jarka 4 za su kai ku kwana 3. Jarkar nan kada ta zama wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta. A rufe baki, a aje a inuwa, a riƙa sauya ruwan.

In ruwan tabki ko gulbi kawai ya rage, a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa. Babu itace? Akwai ƙwayar Aquatabs, a bi abin da aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30. Ko a zuba ruwa mai haske a farar gorar roba, a kwantar da ita a rana mai ƙarfi awa 6. In gudawa ta kama yaro: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai a nemi likita.

Sai abinci. Uwargida ta san tiya nawa ake ci a rana, ita za ka tambaya, ka ninka sau 14. Ka fifita abin da ba ya neman wuta ko ruwa mai yawa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, cuku, soyayyar gyaɗa. A bayansu gero da wake, da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da gishiri da ashana. Wake ka zuba shi a buhun PICS mai ninki 3, ka ɗaure kowane ninki da kyau, ƙwari za su mutu ba tare da magani ba. Ka ci tsoho, ka mayar da sabo, kada tanadi ya zama abincin gara.

Ɗan uwa makiyayi, kai lissafinka daban ne. Saniya ɗaya a bazara tana iya shan lita 30, babu jarkar da za ta ɗauki garke. Tanadinka shi ne sanin rijiya ta biyu da burtali na biyu, da yin magana da masu rijiyar tun kafin ka buƙace ta. Ka sayar da 'yan kaɗan tun suna da ƙiba ka sayi hatsi da dusa, don in sun rame dabba ta faɗi, hatsi ya hau.

Kai kuma falke, kada motarka ta tashi ba jarka 2 da guzurin kwana 3, kuma kada duk kuɗinka ya kasance a waya. Ka riƙe kaɗan a hannu, naira da sefa.

Abu na ƙarshe: a fim kowa bindiga yake ɗauka ya tsare nasa. Mu maƙwabci ne rumbunmu na biyu. Ku san gidan da ke da tsoho ko mai jego, ku sa su a lissafi. Da daren nan ka ƙirga jarkokinka. Allah Ya kiyaye mu, sai mako mai zuwa.