In mawaƙi ya saɓa wa ra'ayinku

Ƴan uwana matasan Bengu. A watan Fabrairun 2016, ana shirin zaɓe, aka kai Hamsu Garba gidan kason Yamai, lokacin tana bayan Hama Amadu. Muka ce zalunci ne. A Maris 2023, da aka faɗi sakamakon zaɓen gwamnan Kano, wasu suka cinna wa gidan Rarara wuta. Nan kuwa sai na ji wasunmu na cewa "maganinsa ke nan". Ni ma, wallahi, waƙoƙinsa ba sa burge ni. Amma in waƙa ta ɓata muku rai, ku goge ta daga salula, ku rama da baki. Gobe in ɗan garin nan ya yi wa ɗan takarar da ba ku so waƙa, gidansu za ku ƙona?