Awon Amoniyam: Daga Ruwan Teku Zuwa Rijiyoyin Aujara



Da muka ce za mu yi magana a kan awon amoniyam a cikin ruwan teku, wani abokinmu ya yi dariya, ya ce ina ruwan mutumin Aujara da teku? Lalle yana da hujja. Ruwan saman da ya zuba a ƙasar Jahun ba ya ganin teku har abada. Wanda rairayi bai shanye ba, rana kuma ba ta ƙafar da shi ba, kwarin Kogin Haɗeja yake bi, abin da ya tsira daga fadamun Haɗeja da Nguru ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Cadi. Amma dabarar da masu binciken teku suka sha wahala kafin su kyautata ta, ita ce muke bukata a bakin rijiyoyinmu.

Amoniyam wani nau'in naitirojin ne narkakke a cikin ruwa. Ɗan'uwansa amoniya kowa ya san shi, domin shi ne warin nan mai bugun hanci a turken dabbobi ko makewayi. Daga fitsari da bayan gida da ruɓaɓɓen abu yake fitowa, da kuma takin yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne.

A tsakiyar teku amoniyam kaɗan ne ƙwarai, saboda ƙananan tsirran ruwa suna cinye shi da zarar ya samu. Awonsa ya daɗe yana ba masana wuya. Maganin gwajin da Julius Nessler na Jamus ya haɗa a 1856 yakan mai da ruwa rawaya idan akwai amoniya, amma a ruwan gishiri sai ya gurɓace ya yi dusu-dusu, ga shi kuma da zaiba mai guba a cikinsa. A 1859 Berthelot na Faransa ya gano cewa amoniya, idan ya haɗu da sinadarin finol da kulorin, yakan ba da launi shuɗi. Sai a 1969 Lucia Solórzano ta wallafa hanyar da ta karɓu, inda ake ƙara sitiret don hana gishirin teku ɓata gwajin. Yadda marini a Ƙofar Mata yake gane ƙarfin baba da duhun shuɗinsa, haka nan: iya duhun launin, iya yawan amoniyam, sai dai na'urar awon haske ce ke karantawa maimakon ido.

Babban darasin masu aikin teku kuwa shi ne tsantseni. Hayaƙin taba a ɗakin gwaji, ko gumin hannu, ko kwalbar da ba a wanke sosai ba, kowanne yana iya ƙara amoniyam fiye da wanda ke cikin ruwan tun asali. Shi ya sa suke ɗauraye kwalba da ruwan da za a gwada, su ɓoye ta daga haske, su auna cikin sa'o'i kaɗan ko su daskarar da ruwan. To, ku kwatanta wannan da ruwan da aka ɗebo a tsohuwar gorar lemo, aka ɗaura a bayan babur cikin zafin watan Afrilu, ya kwana a hanya kafin ya isa Dutse ko Kano. Ƙwayoyin halittar da ke ciki sun riga sun sauya lissafin. Takardar sakamako za ta fito da hatimi, amma ba labarin rijiyar take bayarwa ba.

Me ya sa muka damu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa amoniya a ruwan ƙasa bisa ɗabi'a ba ya yawan wuce miligiram 0.2 a lita guda, kuma hanci ba ya jin sa sai ya kai wajen 1.5. Tsakanin waɗannan biyu ruwa garau yake, ba wari. Amoniyam ɗin kansa ba shi ne mai kisa ba. Ɗan aike ne. A ƙasa mai rairayi irin tamu, mai shan iska, yakan rikiɗe ya zama naitiret, saboda haka idan aka same shi da yawa a rijiya marar zurfi, abin da za a fara zargi shi ne salga ko turke a kusa. Inda fitsari ya bi ya shiga, ƙwayar amai da gudawa ma za ta iya bi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Idan annoba ta ɓarke, kulorin ake zubawa a rijiya. Amoniyam kuwa yakan kama kulorin ya raunana shi, har sai an zuba kimanin ninki takwas zuwa goma na naitirojin ɗinsa kafin a sami kulorin mai cikakken ƙarfi. Ma'aikacin da ya zuba gwargwadon da ya saba, bai auna ba, zai tafi da zuciya ɗaya, matan unguwa kuma su ci gaba da ɗiba.

Roƙonmu ga 'yan'uwa da ke aiki a sashen lafiya da na ruwa na ƙananan hukumomi shi ne su nemi ƙaramin akwatin gwaji, wanda ake auna amoniyam da ragowar kulorin da shi nan take a bakin rijiya. Mu ɗalibai kuma, a hutun damina mai zuwa, mu ɗauki igiyar awo mu zaga unguwanninmu, mu rubuta kowace rijiya da ba ta kai mita 30 daga salga ba, mu miƙa musu jerin domin su fara da su.