YADDA AKE DAIDAITA BAKA KAFIN A ƊAURA MISHI TSARKIYA

Jawabin da wani dattijo daga cikin maharban garinmu ya yi ga taron ƙungiya bayan girbi. Mun rubuta shi kamar yadda ya faɗa.



Abin da ya sa na roƙi magana yau, watan jiya wani yaro cikin jikokina ya sassaƙa baka shi kaɗai. Ya ɗaura tsarkiya, ya ja da ƙarfinshi duka, baka ya karye, tsagin icce ya yanke mishi gira. Saura yatsa guda ya rasa ido. Ban ga laifinshi ba, laifinmu ne, mu da munka iya ba mu koya musu ba. Kakanninmu da kwari da baka sunka tsare garuruwansu. Da su mutanen Sarauniya Mangu sunka tari sojan Faransa a Lugu cikin 1899. Yau waɗanda sunka san aikin ga cikin garin nan ba su cika yatsun hannu guda ba.

Mu fara da icce. Dargaza da ɗunɗu su munka fi so, don suna da jijiya, suna lanƙwasa su koma. A zaɓi reshe miƙaƙƙe maras ƙulli, tsawonshi daga ƙasa zuwa haɓar mai shi, wajen metir 1 da rabi. Kada a kashe gindi, a ɗauki reshe guda a bar sauran, kamar yadda muke yi ga sassaben zamani. A shafe bakin sara da kitse don kada ya tsage, a aje shi inuwa, ƙarƙashin rumbu ko cikin rufin ɗaki, har shekara ta kewayo. Ana cewa icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ga tarbiyyar yaro ne. Baka na ɗanyen icce in ya lanƙwashe ba shi komawa, kibiyarshi gaban ƙafarka take faɗuwa.

Kayan aiki ba su da yawa: gizago, wuƙa mai kaifi, magagari, fasasshiyar kwalba, gawayi, da igiya mai ƙarfi wadda ta fi bakan tsawo. Gizago na farko ne kawai, a rage kauri daga tsakiya zuwa kawuna biyu. Da icce ya fara motsi in ka dafa shi ƙasa ka danna, to aje gizago, aikinshi ya ƙare.

Yanzu ku buɗe kunne, ga zuciyar magana. Baka shina da baya da ciki. Baya shi ne wajen da ke kallon abin harbi, ciki shi ne wajen da ke kallon maharbi. In ka ja, baya miƙewa yake, ciki kuwa matsewa. Jijiyar baya ita ke riƙe da baka duka. Saboda haka baya ɓawo kaɗai ake cire mishi, a hankali, ba a yanka shi. Duk abin da za a rage, daga ciki za a kankare shi. Yaron nan nawa baya ya sassaƙa don ya yi sumul, nan kuwa ya karye.

Sai ka kafa icce mai baki biyu kusa da bangon da rana ke bugu. Ka aza tsakiyar baka cikin bakin, ciki na kallon ƙasa, ka ɗaura doguwar igiya sako-sako ga kawunan biyu. Ɗanka ya ja igiya ƙasa kamar tafin hannu guda, kai ka ja baya taki biyar ka duba. Mai riƙe da baka ba shi ganin aibinshi, sai wanda ya tsaya nesa. In kana so, bi inuwar da gawayi bisa bango, ka gwada hannun dama da na hagu.

Abu biyu kake nema. Na farko, wurin da ya tsaya ƙyam kamar taɓarya, ba shi lanƙwasa. Shafa mishi gawayi, nan za ka kankare. Na biyu, wurin da ya karya gwiwa, shina lanƙwasa fiye da sauran. Yi mishi alama, kada kwalba ta taɓa shi ko sau ɗaya. Maƙwabtanshi na sama da na ƙasa za ka rage har su ɗauke mishi kaya. Baka kamar gayya ne. In mutum guda ke noma sauran na tsaye, shi ne za shi faɗi.

Ka kankare sau goma ko ashirin, har gawayin ya fita, ka tsaya. Ka ja igiya ka maida a hankali sau ashirin, don icce ba shi nuna abin da anka rage mishi nan take. Sa'an nan ka sake dubawa. In lanƙwasa ta yi daidai kamar jinjirin wata, ka ƙara ja da yatsa biyu. In ba ta yi ba, kada ka ƙara ko kaɗan. Abin da ka kankare ba shi komawa.

Ga dabarar auna ƙarfi. Litar ruwa kilo 1 ce. In baka na babba kake so, cika bido mai lita 20, ka rataya shi ga igiya kana tallafe da shi, ka duba inda ya tsaya, ka ɗauke maza. Na yaro lita 10 ta isa. Kada ka taɓa ja ma icce abin da ya wuce nauyin nan. Kullum kana kankara, bido na ƙara sauka, har ya kai tsawon janka, wajen santimeta 60 zuwa 70.

In kawuna sun fara sauka kamar taƙi guda, cire doguwar igiya ka ɗaura tsarkiya ta gaskiya, ta murɗaɗɗiyar fata. Tsakaninta da mariƙi ya zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe. Ka duba ta bi tsakiyar baka. In ta karkace, shafa mai, ka gasa wurin bisa garwashi ba harshen wuta ba, ka miƙe shi bisa gwiwa. Daga ƙarshe a goge da yashi mai laushi, a shafe da man shanu ko man kaɗe, musamman lokacin hunturu da icce ke bushewa ƙwarai.

Gargaɗi uku. Kada a saki tsarkiya babu kibiya, ƙarfin cikin icce yake komawa ya fasa shi. Kada baka ya kwana a ɗame. Kuma ku sani tun 1998 akwai dokar farauta da kare namun daji cikin ƙasarmu. Wanda ke son harbi ya nemi izini ga ma'aikatan daji. Mu dai abin da muke so, sana'a kada ta bi mu kushewa.

Ina da sanda shida da sunka shekara ƙarƙashin rumbuna. Duk saurayin da ke so, shi zo ranar Juma'a bayan la'asar da wuƙarshi da kwalbarshi. Baka guda na iya cin mu kwana bakwai, amma sannu ba ta hana zuwa.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.