Kufan Masana'antu da Kuɗin Awon Ƙasa

 

Zan fara da wata unguwa mai suna Love Canal a jihar New York ta Amurka. Kamfanin sinadarai na Hooker ya binne kimanin tan 21,000 na shara mai guba a wurin, ya rufe da ƙasa, sannan a 1953 ya sayar wa hukumar ilimi ta garin Niagara Falls filin a kan dala ɗaya tak. Aka gina firamare, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara ashirin da 'yan kai guba ta fara tsattsafowa cikin gidajen mutane. A 1978 Shugaba Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, kuma a 1980 aka kafa dokar da ake kira Superfund.

Dokar ta zo da tsanani. Wanda fili ke hannunsa ana iya ɗora masa kuɗin tsaftacewa ko da ba shi ya zuba gubar ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: masu saye suka ja da baya, bankuna suka ƙi ba da bashi. Garuruwa irin su Cleveland da Detroit, waɗanda dama masana'antunsu sun durƙushe, suka wayi gari da kangaye a tsakiyar gari, ba haraji, ba aikin yi. Da yawa daga cikin filayen nan gubarsu kaɗan ce, wasu ma ba su da ita sam. Zato kawai ya kashe su. An ƙiyasta irinsu sun haura 450,000 a faɗin ƙasar.

A 1993 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba gundumar Cuyahoga, inda Cleveland take, dala 200,000 domin awon irin waɗannan filaye, a matsayin gwajin wani sabon shiri. A 2002 Shugaba Bush ya sa hannu a dokar da ta tabbatar da shirin, ta kuma ba da kariya ga mai sayen da ya yi bincike kafin ya saya. A 2021 aka ƙara wa shirin dala biliyan 1.5.

Me ake yi da kuɗin awon? Ina roƙon ku saurara da kyau, don nan ne zuciyar maganar. Mataki na farko ba a ko taɓa ƙasa. Ana tono tsofaffin takardun mallaka da taswirori da hotunan sama, a zagaya filin da ƙafa, a zauna da tsofaffin ma'aikata a tambaye su: ina tankin mai yake a da, ina kuke zubar da ruwan rini? Dattijon da ya yi shekara talatin a masana'anta ya san abin da babu shi a kowane fayil. Idan an ga alamar haɗari, sai a huda ƙasa a ɗebi samfurinta da na ruwan da ke ƙarƙashinta, a kai ɗakin gwaje-gwaje a nemi dalma da sauran guba. Daga nan mai jari ya san nawa gyara zai ci, ya yi lissafinsa. Mai fili mai zaman kansa ba ya son biyan kuɗin binciken da zai iya tona masa asiri, garin da ya talauce kuma ba shi da halin biya. Shi ya sa nauyin ya hau kan gwamnati.

To, mu dawo gida. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta, yau akasarinsu a rufe suke. A Kano akwai Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda majemu suka daɗe suna sakin ruwa mai sinadarin kuromiyom. Matsalarmu kishiyar ta Amurka ce. Su tsoro ya hana su taɓa filin, mu kuwa ko tsoron babu. Dillali ya yanka fuloti, mai gida ya haƙa rijiyar burtsatse, yara su sha. Wannan yana hana ni barci, domin mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda aƙalla yara 400 suka rasu, kuma sai 2013 aka saki kuɗin tsaftace ƙauyen Bagega.

Muna da hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007, muna da jami'o'i masu sashen kimiyyar ƙasa da na sinadarai. Kirana ga 'yan majalisar jiha da ke zaune a nan shi ne ku ware kuɗin awo a kasafin baɗi, kuma ku hana sauya takardar duk wani filin masana'anta zuwa na gidaje ko makaranta sai an auna ƙasarsa da ruwansa, an liƙa sakamakon inda kowa zai karanta. Malamai kuma, ku tura ɗalibanku Kakuri su ɗauki bayanin tsofaffin ma'aikatan masaƙa tun suna raye.