Adana Kayan Yaji a Ɗakin Girkinmu na Ingila



Bara yayata ta aiko mini da yaji, kuka da daddawa daga gida. Kafin sanyi ya wuce, yajin ya dunƙule, kukar ta yi fumfuna, dole na zubar. Laifina ne, don a leda na bar su kusa da murhu, ga tururi ga danshin ƙasar nan.

Ga dabarar da na koma yi. Na sayi ƙananan gwangwanaye masu murfi, na manna maganaɗisu a gindin kowanne da gam mai ƙarfi, na bar shi ya kwana ya bushe. Sai na jera su a gefen firiji, tunda gidan haya ba a huda bango. Mai son kafa faifan ƙarfe ta fara gwada shi, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyam.

Ku nisanta su da wuta da hasken rana. Kada a zazzaga yaji a kan tukunya tana tafasa, a ɗiba da busasshen cokali. Citta, kanumfari, masoro da kimba sun fi daɗewa idan ba a daka su ba. Daddawa kuwa, a rufe ta a kwalba a sa a firiza.

Abu na ƙarshe: idan maganaɗisu ya ɓalle, a ɗauke shi nan take. Yaro ya haɗiye guda 2, suna iya haɗe hanji su huda shi. Idan hakan ta faru, a garzaya asibiti.

Allah ya tsare mana zuri'a.