Gwamnati Ke Gina Gidaje, Mutane Ke Gina Unguwa: Darasi Daga Gesse

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban Diggi



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu lafiya, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kwamitin shirya taro ya umarce mu da mu yi bayani a kan tarihi da zamantakewar unguwannin gidajen gwamnati, musamman Gesse ta Birnin Kebbi. Wani zai ce, me ya haɗa Diggi da gidajen gwamnati? Abu biyu ne. Na farko, da yawa daga cikin 'ya'yan garin nan a irin waɗannan unguwanni suka yi rayuwar aikinsu, a can suka haifi 'ya'yansu. Na biyu kuwa, birnin da muke zuwa mu same shi a da, yau shi ne ya kamo hanya yana nufo mu.

ASALIN GIDAJEN GWAMNATI

A zamanin Turawa, gwamnati ba ta gina wa talaka gida. Tana gina wa jami'anta ne a bariki, nesa da gari, sai kuma 'yan kwatas na akawuna da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa. Sai a 1973, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, da kuɗin man fetur ya fara shigowa, aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Ita ce ta gina unguwar Festac a Legas, wadda ta saukar da baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977.

Shirin da ya fi shafar mu shi ne na Shugaba Alhaji Shehu Shagari, wanda malamin makaranta ne tun asali, har ya taɓa riƙe hedimasta a Argungu. Bayan hawansa mulki a 1979, gwamnatinsa ta ƙudiri gina gidaje 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha da kuma Babban Birnin Tarayya. Ba a kai ga wannan adadi ba kafin juyin mulkin ƙarshen Disambar 1983, kuma an gina wasu gidajen a wuraren da ba ruwa ba hanya. Duk da haka, kalmar "lokos" ta zauna daram a bakin Bahaushe. Waɗanda suka yi aiki a Sakkwato sun san Gwiwa da Arkilla, na Kaduna sun san Malali da Barnawa, na Kano kuma sun san Kundila.

YADDA GESSE TA SAMU

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Birnin Kebbi gari ne mai tarihi, kuma tun 1906 yake mazaunin Sarkin Gwandu, amma ba a gina shi don ɗaukar ma'aikatun jiha guda ba. Dare ɗaya aka ce duk ma'aikacin da ya fito daga ƙasashen Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru ya tattara ya koma gida. Kanar Patrick Aziza, wanda aka turo ya fara riƙon jihar, ya tarar da ma'aikata sun fi ofisoshi yawa, ofisoshin kuma sun fi gidajen kwana yawa.

Manya a cikinmu ba su manta wannan lokaci ba. Magidanci mai mata da 'ya'ya ya koma kwanan shago tare da abokan aiki. Wasu suka bar iyali a Sakkwato, sai ranar Juma'a da yamma su bi mota, su dawo da asubahin Litinin. Duk ɗan Diggi da ke da ɗaki a Tudun Wada ko Nassarawa ko Rafin Atiku, ɗakin nan ya zama masaukin 'yan gari. Wannan matsi ne ya sa gwamnatin jiha ta fita bayan gari ta gina rukunin gidaje. Haka aka sami Gesse, kashi na ɗaya da na biyu, daga baya kuma aka ƙara wasu a wajen Gwadangaji. Da farko mutane na ganin wurin ya yi nisa. Yau gari ya kewaye shi.

GIDAN DA BA SHI DA ZAURE

A nan muke son mu ɗan daɗe, domin a nan darasin yake. Wanda ya zana taswirar irin waɗannan gidaje, a ko'ina cikin ƙasar nan, yana tunanin miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'ya biyu ko uku ne. Ya yi falo, ya yi ɗakunan kwana, ya sa kicin da banɗaki a cikin gida, ya buɗe ƙofa tana kallon titi. Bai yi zaure ba, bai yi tsakar gida ba, bai bar wurin turmi ko murhu ko turken akuya ba.

Mu kuwa mun fito ne daga gidan da zaure shi ne fuskarsa. A zaure ake sallama, a nan maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake karatun allo, a nan baƙo ke kwana, a nan ake sasanta rigima kafin ta kai gaban alƙali. Da aka shiga gidan da ba zaure, sai baƙo ya yi sallama ya tsinci kansa a tsakiyar iyali. Ɗan'uwa ya kawo mara lafiya asibiti daga ƙauye, a rasa inda za a shimfiɗa masa tabarma. Matan da suka saba da daka da surfe cikin jama'a suka wayi gari kowace a kulle ita kaɗai.

To, me mazauna suka yi? Ba su zauna jiran gwamnati ta sake taswira ba. Abin da aka fara yi shi ne shinge, na zana ko na kara, daga baya na bulo, domin a sami tsakar gida da sutura. Sai aka yi rumfar girki a baya, aka ƙara ɗakin samari kusa da ƙofa, aka dasa dogon yaro da mangwaro. Duk wanda ya zaga waɗannan unguwanni yau, da wuya ya ga gida biyu masu kama da juna, alhali ranar da aka raba makullai duk iri ɗaya ne.

Zauren kuwa bai ɓata ba, ƙaura ya yi, ya koma ƙofar masallaci. Mutanen kowane layi suka kewaye fili da duwatsu, suka yi rumfa, suka yi karo-karo har gini ya tashi. Tsakanin magariba da lisha, a kan tabarmin masallaci ake jin wanda ba shi da lafiya, da wanda aka yi wa haihuwa, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Daga nan aka sami makarantar Islamiyya, aka sami kwamitin unguwa, aka ɗauki masu gadi, aka haɗa kuɗin rijiyar burtsatse, aka san wanda za a buga wa ƙofa in an yi rasuwa da tsakar dare. Mata kuma suka kafa adashi, suka riƙa ɗaukar wa juna girkin suna da na biki.

Akwai wani abu da ya kamata mu yaba. A garuruwanmu, maƙwabcinka ɗan'uwanka ne na jini ko na aure. A gidajen gwamnati kuwa, takarda ce ta zaɓa maka maƙwabci. Bagwandare ya zauna jikin Bakabe, Bayawuri jikin mutumin Zuru, Musulmi katanga ɗaya da Kirista, darakta layi ɗaya da malamin firamare. Jihar da aka yi wa iyaka a kan takarda a 1991, a irin waɗannan layuka ne 'ya'yanta suka fara sanin juna, har aka kai ga auratayya. Wannan ba ya cikin kwangilar kowa. Tarbiyyar gayya da haƙƙin maƙwabtaka da kowa ya ɗauko daga garinsu ce ta yi aikin.

HALIN DA AKE CIKI

A 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus na gida da mota zuwa kuɗi, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, jihohi da dama kuma suka bi sawu. Ma'aikata da yawa sun mallaki muhalli ta wannan hanya, abin da ba su taɓa zato ba. Sai dai mallakar ta zo da nata nauyin, kuma abubuwa uku muke son jawo hankali a kansu.

Na ɗaya, kowa ya san iyakar gidansa, amma lambatu da titi da filin wasan yara sun zama marayu. Wani ya ja katangarsa ta hau magudanar ruwa, damina ta zo ruwan ya shiga ɗakin maƙwabcinsa. Filin da aka ware don makaranta ko asibiti, in ba kwamiti mai ƙarfi, sai a wayi gari an yanka shi fuloti-fuloti.

Na biyu, unguwa ce ta tsara ɗaya. Tare aka shigo da ƙuruciya, tare ake yin ritaya. Waɗanda suka kafa masallatai da kwamitoci sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Gidaje na komawa hannun 'yan haya da ofisoshi da shaguna, waɗanda ba su san yadda aka faro ba.

Na uku, kuma shi ya fi tayar mana da hankali, shi ne takardu. Sau nawa maigida ya rasu, magada suka buɗe akwati ba su sami komai ba sai takardar da aka ba shi gida tun farko, babu shaidar ya gama biya, babu takardar mallaka? A nan ake barin gwauruwa da marayu suna yawon ofisoshi. Muna roƙon duk mai irin wannan gida ya tattara rasiɗansa, ya nemi takardar mallaka da sunansa, ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye. Haka kuma dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta sa an riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikata. Wanda aka taɓa cire masa, kuma bai ci bashin gida ba, yana da haƙƙin neman kuɗinsa bayan ritaya. Kada kunya ko kasala ta hana mu.

ABIN DA YA SHAFI DIGGI

Tun da aka kafa Ƙaramar Hukumar Kalgo a 1996, tazarar da ke tsakaninmu da babban birnin jiha sai raguwa take yi. An gina babban asibiti a Kalgo. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Inda ma'aikata suka taru, gidaje na biyo baya, inda gidaje suka nufa kuma, dillalan filaye sun riga su isa.

Ya kamata iyayenmu manoma su san cewa dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke bisa ƙasar ce, kamar gini da itatuwa da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Ku da kuka yi karatu, aikinku ne ku fahimtar da su, ku taimaka a rubuta gonakin gado, a san iyakokinsu, kada a sayar da abincin jikoki a kan kuɗin babur.

Don haka muna ba wannan ƙungiya shawara huɗu. Ta haɗa kai da iyayen ƙasa da ƙaramar hukuma a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa a sabbin shiyoyin gari tun kafin a yi gini, domin tun ran gini ran zane. A keɓe filin makaranta da maƙabarta da kasuwa da burtalin dabbobi, a rubuta, a kafa shaidu. A kafa ƙaramin kwamiti na lauyoyinmu da ma'aikatan filaye da zai duba wa 'yan'uwa takardun gidajensu na birni. Sannan duk wanda Allah Ya hore wa gini a gida, ya yi na zamani yadda yake so, amma don Allah ya bar wa zaure wurinsa.

Daga ƙarshe, 'ya'yanmu da aka haifa a Gesse da Gwiwa da Malali, in an tambaye su garinsu suna cewa Diggi, amma da yawansu ba su san hanyar gonar kakansu ba. Laifin ba nasu ba ne. A riƙa kawo su hutu, ba sai ranar salla ko ta'aziyya ba, domin zumunta a ƙafa take. Abin da ya mayar da layukan siminti suka zama unguwa, daga garuruwa irin wannan aka ɗauke shi. In tushen ya bushe, ba mu da abin da za mu kai wata unguwar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin iyayen ƙasa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.