Sunayen da Suka Rage a Bakin Rami



Zan fara da wani ƙauye a Wales mai suna Senghenydd. Ranar 14 ga Oktoba, 1913, da hantsi, iskar gas ta kama da wuta a ramin kwal na Universal, ƙurar kwal ta kwashi wutar ta zagaya lungunan ramin. Waɗanda wuta ba ta ci ba, gurɓatacciyar iskar da ta biyo baya ta shaƙe su. Mahaƙa 439 suka mutu, da mutum guda cikin masu ceto. Har yau Birtaniya ba ta ga hatsarin rami da ya kai wannan ba. Kuma ba shi ne farau ba, domin a 1901 ramin nan ya ci mutum 81.

Da aka je kotu, an samu hukumar ramin da saɓa wa dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1911. To, me aka yanke? Manaja tarar fam 24, kamfani fam 10. Ku raba da kanku, ku ga nawa ran magidanci ya tashi.

Sai a 1981 aka kafa abin tunawa na farko, bayan shekara 68, lokacin da yawancin matan da aka bari da takaba sun riga mu gidan gaskiya. A 2013 aka buɗe babban dandalin da ke wurin yanzu. Akwai mutum-mutumin tagulla na mai ceto yana tallabe da wanda ya jikkata, amma ni ba shi ya fi jan hankalina ba. Katangar da ke gefe ce, inda kowane mamaci ke da ɗan allonsa ɗauke da sunansa. Adadi irin 439 a littafin kamfani yake zama. Suna kuwa, jika na iya zuwa ya ɗora yatsa a kai ya ce kakana ne.

A Hwange ta Zimbabwe kuwa, inda mutum 427 suka halaka a wani ramin kwal ranar 6 ga Yuni, 1972, ba a iya fito da yawancin gawarwakin ba, aka toshe ramin. Bakin ramin, wanda ake kira Kamandama, shi ne maƙabartarsu, can ake taruwa duk shekara.

Kada wani ya ce labarin nesa ne. Kwal ɗin Inugu ne ya daɗe yana tuƙa jirgin ƙasan da ke kwashe gyaɗar Kano. A Iva Valley da ke Inugu, ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 masu neman haƙƙinsu. Wannan ba hatsari ba ne, kisa ne, kuma Inugu ta gina musu abin tunawa.

Na san abin da ke ran wasunku: mu ba ma sassaƙa gumaka, ba ma gini a kan kabari. Haka ne, ban kuma zo neman a yi ba. Rubuta suna dai ba gunki ba ne. A Yunin 2024 rami ya rufta da mahaƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. Waye a cikinku zai iya kawo sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu? Ɗaliban tarihi, ku je wurin masu unguwanni da iyalan mamatan tun suna da rai, ku rubuto mana sunayen.